WAHO: asalin hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma, da abin da ficewar Nijar ta canza

Ranar 9 ga Yuli, 1987, shugabannin ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar kafa Hukumar Lafiya ta Afirka ta Yamma, wadda ɓangaren masu Ingilishi ke kira WAHO, masu Faransanci kuma OOAS. Sa hannun bai sa ta fara aiki ba. Sai a Oktoban 1998 aka tsayar da Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso a matsayin hedikwata, aka naɗa shugabanni, sannan a Maris na 2000 aka buɗe ofis. Kusan shekara 13 ke nan hukumar tana kan takarda kawai.

Abin da ya kamata a fara riƙewa game da ita shi ne, ƙasa ba ta neman shiga WAHO, kuma ba ta rubuta mata takardar fita. Wanda ke cikin ECOWAS yana cikinta, wanda ya bar ECOWAS ya bar ta. Ba a duba ko ƙasa tana yankin sanƙarau, ko tana raba kogi da sauro da maƙwabciyarta. Shi ya sa a yau Cape Verde, tsibiran da ke can cikin teku, mamba ce, Nijar kuwa, da ke raba iyakar kusan kilomita 1,500 da Najeriya, ba mamba ba ce.

Gado biyu da aka haɗa

WAHO ba daga sama ta faɗo ba. Hukumomi biyu aka narkar aka yi ta, kuma halinsu ya bambanta tun daga tushe.

Ta ɓangaren Faransa, labarin ya fara ne da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Likitan sojan Faransa Eugène Jamot ya fito da wani tsari a Kamaru a shekarun 1920: maimakon a zauna a asibiti ana jiran maras lafiya, ayarin ma'aikata ne ke bin gari gari, a tara kowa da kowa, a lalubi kaluluwar wuya, a duba jini da madubin likita, a ba da magani nan take, a rubuta suna don a dawo a sake dubawa. A 1939 aka kafa hukuma ta musamman don wannan cuta a Bobo-Dioulasso ƙarƙashin Gaston Muraz, wanda cibiyar binciken da ke garin take ɗauke da sunansa har yau. Bayan yaƙin duniya na biyu aka faɗaɗa aikin ayarin ya haɗa da kuturta, da sanƙarau, da ciwon ido, da agana. Ayari ɗaya, mota ɗaya, cututtuka da yawa, kuma bai damu da iyakar da ke tsakanin yankunan mulkin Faransa ba, domin duk gwamna ɗaya ne a Dakar.

Da 'yancin kai ya zo a 1960, sababbin ƙasashen suka ga in kowa ya ja nasa, wannan tsari zai watse. Sai suka kafa ƙungiyar OCCGE ta haɗin gwiwar yaƙi da manyan cututtuka a shekarar, suka bar hedikwatarta a Bobo, Faransa kuma ta ci gaba da zuba kuɗi da likitoci. Mambobinta na Afirka da suka daɗe a ciki takwas ne: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Mali, Muritaniya, Nijar, Senegal da Togo. Ƙarfinta yana cikin cibiyoyinta, kowace da cutar da ta sa a gaba. Bamako na da cibiyar Marchoux ta kuturta da cibiyar IOTA ta ido, inda aka horar da likitocin ido na ƙasashe da dama. Dakar na da ORANA ta abinci mai gina jiki. Bouaké a Kodebuwa na da cibiyar Pierre Richet, mai nazarin ƙwarin da ke yaɗa cuta. Yamai kuwa aka ba ta CERMES, don sanƙarau da tsargiya, cututtuka biyu da suka fi addabar ƙasar a rani da kuma wuraren noman ban-ruwa.

Ingila ma tana da cibiyoyin haɗin gwiwa tsakanin yankunanta huɗu. Cibiyar binciken ciwon barci ta Afirka ta Yamma a Kaduna take, da reshe a Vom. Kafin ita ma, an yi aikin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Amma da aka sami 'yanci, sai kowace ƙasa ta riƙe abin da ke cikin ƙasarta. Cibiyar Kaduna ta zama ta Najeriya ita kaɗai. Da ƙasashen suka dawo don haɗa kai a 1972, abin da suka kafa a Legas, wanda ya zama WAHC, ƙungiyar lafiya ta ƙasashe masu Ingilishi, bai shafi ayarin yaƙi da annoba ba. Najeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya, daga baya da Laberiya, damuwarsu ita ce horar da manyan likitoci a gida, a daina dogaro da jarrabawar Landan da Edinburgh. A wannan inuwa kwalejojin ƙwararru na yankin suka bunƙasa: ta likitocin fiɗa, wadda ta samo asali daga ƙungiyar da aka kafa a Ibadan a 1960, ta likitocin jiki a 1976, sai ta ma'aikatan jinya da ta masu harhaɗa magunguna.

To, ɗaya tana da ɗakunan gwaji da motoci da masu kama ƙuda, ɗaya tana da manhaja da jarrabawa da takardar shaida. Gini Bissau da Cape Verde, masu harshen Fotugal, ba sa cikin ko ɗaya. Haɗa waɗannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, kuma shekarun da suka biyo bayan 1987 ba su taimaka ba. Yaƙin Laberiya ya ɓarke a ƙarshen 1989, na Saliyo a 1991, hankalin ECOWAS da kuɗinta suka koma kan dakarun ECOMOG. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kasafin ma'aikatun lafiya na ƙasashen OCCGE ya ji jiki.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne ya tsara yadda WAHO take a yau. Da aka rushe OCCGE, ba a miƙa cibiyoyinta ga sabuwar hukumar ba. A farkon shekarun 2000 kowace ta koma hannun ƙasar da take ciki: Muraz ta zama ta Burkina, IOTA da Marchoux na Mali, CERMES ta Nijar. WAHO ta gaji garin, ba ta gaji ɗakin gwaji ko ɗaya ba. Ba ta da asibiti, ba ta yi wa kowa allura da hannunta. Aikinta tara ministoci, daidaita ƙa'idoji, nemo kuɗi, horarwa, da isar da labari daga wannan ƙasa zuwa waccan. Duk mai auna ta da abin da OCCGE ta yi a daji, yana auna ta da aikin da ba a ba ta ba.

Waye ke ciki, waye ya fita

Lokacin sa hannu a 1987 ECOWAS na da ƙasashe 16. Muritaniya ta fice a ƙarshen 2000, daidai shekarar da WAHO ta fara aiki, saura 15. Haka aka zauna har 28 ga Janairu, 2024, ranar da Burkina Faso, Mali da Nijar suka sanar da ficewarsu. Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya ce sai an ba da sanarwar shekara guda, don haka ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Yanzu saura 12: Najeriya, Ghana, Gambiya, Saliyo da Laberiya masu Ingilishi, Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal da Gini masu Faransanci, Gini Bissau da Cape Verde masu Fotugis.

Ƙasashe ukun da suka fita su ne suka fi rabin faɗin ƙasar tsohuwar ECOWAS, su ne tsakiyar yankin sanƙarau, kuma a cikinsu Muraz da IOTA da Marchoux da CERMES suke. Ita kanta hedikwatar ta wayi gari a ƙasar da ba mamba ba, har a 2025 shugabannin ECOWAS suka amince a mayar da ita Kodebuwa. Nijar ma ta taɓa riƙe shugabancin hukumar: Dokta Xavier Crespin ya jagorance ta daga 2014 zuwa 2018, bayan Dokta Kabba Joiner na Gambiya, wanda ya buɗe ofishin, da Dokta Placido Cardoso na Gini Bissau. Farfesa Stanley Okolo na Najeriya ya gaji Crespin, sai Dokta Melchior Aïssi na Benin a 2022.

In aka kalli inda Hausawa suke zaune, rabuwar ta fi haka. Na Kano da na Kumasi suna ƙarƙashin WAHO. Na Maraɗi da Damagaram sun fita. Na Garwa da Njamena tuni suna ƙarƙashin wata hukumar daban, OCEAC, wadda aka kafa a Yawunde a 1963 don ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Na Sudan kuwa ko a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ba sa tare da sauran, domin Sudan tana ƙarƙashin ofishin Alƙahira, sauran kuma ofishin Brazzaville.

Tsarin mulkin hukumar gajere ne. Shugabannin ƙasashe ne a sama, sai majalisar ministocin ECOWAS mai amincewa da kasafi, sai taron ministocin lafiya mai duba aikin fasaha, sai babban darakta da ma'aikatansa. Kowace takarda sai an fitar da ita a harsuna uku, abin da ke cin kuɗi da lokaci fiye da yadda na waje ke zato.

Kuɗin kuma daga kwastan yake fitowa. ECOWAS na da harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Kaya na naira miliyan 100 da suka sauka a Apapa daga Sin, naira 500,000 na ƙungiyar ne. Kwastan na kowace ƙasa ke karɓa, a zuba a asusun ECOWAS da ke babban bankin ƙasar, daga nan a raba wa hukumomi. Inda ake samun matsala shi ne tsakanin karɓa da zubawa: ƙasashe kan riƙe kuɗin, su biya a makare ko su biya rabi. Wannan ya sa manyan ayyukan WAHO suka jingina ga Bankin Duniya da hukumomin agaji na Jamus da Faransa da Amurka, mai ba da kuɗi kuwa shi ke zaɓen cutar da za a bi. A Maris na 2025 ƙasashe ukun da suka fita, waɗanda suka haɗu a ƙawancen Sahel na AES, suka ƙirƙiro nasu harajin na kashi 0.5, don haka abin da ke shigowa ta hannunsu ba ya zuwa Abuja kuma.

Ebola ce ta fallasa giɓin

Cutar ta fara a kudancin Gini a Disamban 2013, ba a gane ta ba sai a Maris na 2014. Wata uku tana yawo a inda Gini da Saliyo da Laberiya suka haɗu, wurin da dangi ɗaya ke zaune a ƙasashe uku, ana zuwa jana'iza da kasuwa ba tare da an san an tsallaka iyaka ba. Kafin ta lafa a 2016 ta kama mutum sama da 28,600, ta kashe sama da 11,300. Mutumin da ya kawo ta Legas ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer, yana kan hanyarsa ce ta zuwa taron ECOWAS a Kalaba. Najeriya ta tsira da mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dokta Stella Adadevoh da ta hana shi barin asibiti. Abin da ya ceci ƙasar shi ne ma'aikata da tsarin cibiyar gaggawa da aka riga aka gina don shan inna, ba wani tsari na yanki ba.

Bayan wannan ne ECOWAS ta kafa cibiyar sa ido kan cututtuka ta yanki a Abuja, ƙarƙashin WAHO, Bankin Duniya kuma ya fara shirin REDISSE a 2016 don ƙarfafa sa ido da ɗakunan gwaji. A zahiri an dawo da wani yanki ne na aikin da aka saki lokacin rushe OCCGE.

In sanƙarau ya ɓulla a bakin iyaka

Hanya mafi sauƙi ta gane amfanin zama mamba ita ce a bi cuta guda daga farko. A ɗauki sanƙarau, wanda ke tasowa daga Disamba zuwa Yuni, ya fi tsanani a Maris da Afrilu, ya kwanta da saukar ruwan sama. A 1996 ya kama mutum kusan 250,000 a Afirka, ya kashe kusan 25,000, sama da 100,000 daga cikin waɗanda suka kamu a Najeriya suke.

Matakin farko ƙidaya ce ta mako mako. A Najeriya jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ke tattara alƙaluma daga asibitoci ya tura jiha, jiha ta tura NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. A Nijar daga cibiyar lafiya ta CSI zuwa gundumar lafiya, zuwa jiha, zuwa Yamai. Ma'aunin ɗaya ne a ƙasashen biyu, na Hukumar Lafiya ta Duniya. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, in waɗanda ake zargi sun kai 3 cikin 100,000 a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa. In sun kai 10, annoba ce. A wurin da bai kai mutum 30,000 ba, mutum 2 a mako faɗakarwa ne, mutum 5 annoba.

Kuskuren da aka fi yi a nan na lissafi ne. Ƙaramar hukuma mai mutum 500,000 sai ta sami mutum 50 a mako kafin ta kai ma'aunin annoba, alhali mutum 20 da aka samu duk daga mazaɓu biyu suke, inda wuta ta riga ta kama. Don haka ake raba manyan gundumomi zuwa yankunan da ba su wuce mutum 100,000 ba, a yi wa kowanne lissafinsa. A bakin iyaka kuma akwai ƙarin rikici. Yaron da ya kamu a ƙauyen Magarya aka kai shi asibitin Maigatari, a littafin wa zai shiga? In an rubuta shi a Jigawa, ya kumbura alƙaluman wurin da cutar ba ta ciki, ya rage na inda take. In ma'aikacin ya ga baƙo ne ya bar shi, ya ɓace gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce a rubuta inda maras lafiya ya fito, a kuma sanar da takwaran aiki na ƙetare. Wannan ba ya yiwuwa sai mutanen biyu sun san juna, suna da lambar juna, kuma manyansu sun yarda su yi magana. Ko sunan ƙauye ɗaya, rubutun Faransanci da na Ingilishi kan sa kwamfuta ta ɗauke shi wuri biyu.

Mataki na biyu gano irin ƙwayar cutar. Ana ɗibar ruwan laka ta ƙashin baya, kafin a fara ba da magani in hali ya yi, amma ba a jinkirta magani don jiran ɗiba. Ƙwayar sanƙarau ba ta da juriya. In ruwan ba zai isa ɗakin gwaji cikin awa guda ba, sai a zuba kaɗan a kwalbar Trans-Isolate mai abincin rayar da ƙwayar, a riƙe ta a zafin ɗaki. Ma'aikacin da ya saba da allurar rigakafi yakan jefa kwalbar cikin akwatin ƙanƙara da kyakkyawar niyya, sanyi ya kashe ƙwayar, sakamako ya fito babu komai. Wani kason dabam da za a yi wa gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar cutar ko da ta mutu, shi ne ke son sanyi. Rikita waɗannan biyu na lalata samfura da yawa kowane rani.

Gano irin ba ado ba ne, domin allurar ta dogara da shi. Allurar MenAfriVac, da aka fara a Burkina, Mali da Nijar a Disamban 2010, Najeriya kuma a 2011, ta kusan kawar da nau'in A. Sai nau'in C ya taso: Nijar a 2015, Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. Allurar A ba ta kare mutum daga shi. Rumbun allurar gaggawa na duniya yana hannun kwamitin ICG, wanda aka kafa a 1997 bayan waccan babbar annoba, kuma ba ya sakin allura sai ƙasa ta nuna shaidar gwaji da alƙaluman mako mako da tsarin yadda za ta yi aikin. Kwamitin kan yanke hukunci cikin kwana biyu, a yi ƙoƙarin isar da kaya cikin mako guda. Jinkirin yana faruwa ne kafin takardar ta isa. Ana son a fara allura cikin mako huɗu da ƙetare ma'aunin annoba. In aka wuce haka, yawanci damina ce ke kashe annobar, allurar ta zo a bayanta. Masu jinya kuma ana ba su ceftriaxone na kwana biyar a lokacin annoba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, Nijar ta biyo baya a shekarar.

A duk wannan jerin, ina WAHO take? Ba ita ke ƙidaya ba, ba ita ke gwaji ba, ba ita ke ba da allura ba. Wurinta yana tsakanin ƙasashen: rahoton mako mako da ke nuna wa kowace ƙasa halin maƙwabta, tarukan jami'an gundumomin bakin iyaka, haɗa ɗakunan gwaji don wanda ba shi da kayan aiki ya tura wa mai shi, da daidaita ranakun gangami. Abu ne da ba a gani sai ya ɓace. Darasin shan inna ya isa misali: bayan dakatar da allura a Kano da wasu jihohi a 2003, ƙwayar ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma ba a shawo kanta ba sai da aka riƙa yin gangami a ranaku ɗaya a ƙasashe da yawa, da ayari a tashoshin mota da mashigai irin Jibiya, Illela da Kamba. In Katsina ta yi nata yau, Maraɗi ta yi bayan wata guda, yaron da ke bin uwarsa tsakanin gidan miji da gidan iyaye yana iya kuɓuce wa duka biyun. Haka mashaƙo ya nuna a 2023, lokacin da ya yi tsanani a Kano ya kuma ɓulla a gundumar Matamaye.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ma haka yake. Ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, zagaye huɗu a mafi yawan wurare, kwana 28 tsakanin zagaye da zagaye. Ranar farko magungunan SP da amodiaquine a gaban ma'aikaci, rana ta biyu da ta uku amodiaquine a hannun uwa. Kariyar ba ta wuce kusan mako huɗu, don haka in ranakun ɓangarorin iyaka biyu suka saɓa, wani yaro ya sha sau biyu a wata, wani ya rasa. Shirin da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi daga 2015 don daidaita irin wannan aiki, wanda WAHO ta jagoranta, ƙasashe uku ya shafa: Burkina Faso, Mali da Nijar.

Magunguna da takardun shaida

Sauran aikin hukumar ba shi da hayaniya. Da can mai kamfanin magani a Legas ko Accra da ke son sayarwa a yankin sai ya shirya takardun rajista daban daban don kowace ƙasa. Tsarin da aka fara ginawa shi ne fayil ɗaya mai fasali ɗaya, ƙwararru daga hukumomin ƙasashe su duba tare, su ba da shawara guda. Amma lasisin sayarwa har yanzu kowace ƙasa ke ba da nata, kuma a nan ake tsayawa, domin shawarar yanki kan jima a kan tebur kafin a sa mata hannu a gida. Amfanin tsarin ya fi yawa ga ƙasar da hukumarta ƙarama ce, tana jingina da irin NAFDAC, wadda ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, ko ta Ghana da ta riga ta a 2020. Batun ba na wasa ba ne ga Nijar, inda a 2015, ana tsakiyar annoba, aka gano jabun allurar sanƙarau a kasuwa. Hukumar ta kuma wallafa kundin tsirran magani na yankin a 2013, ta yi aikin daidaita manhajar karatun likita tsakanin tsarin kwalejojin masu Ingilishi da tsarin DES, takardar ƙwarewar likita ta jami'o'in masu Faransanci.

Abin da ya rage bayan ficewa

Ba komai ne ya yanke ba. Nijar, Mali da Burkina suna nan cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 suna kansu: a tantance lamari cikin awa 48, a sanar cikin awa 24 bayan tantancewa. Suna neman allura daga ICG kamar kowa. Suna nan cikin ƙungiyar tattalin arziki ta UEMOA, mai nata tsarin daidaita dokokin magani tsakanin ƙasashe takwas masu sefa. Tsakanin Najeriya da Nijar akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai. ECOWAS kuma ta ce zirga-zirgar mutane ba tare da biza ba za ta ci gaba har sai an cim ma sabuwar matsaya. A ranar 30 ga Janairu, 2025, kwana ɗaya bayan ficewar, aka ayyana Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar kogi, sakamakon aikin da ya faro daga shirin haɗin gwiwa na 1974 zuwa 2002 mai hedikwata a Wagadugu, wanda ya haɗa Ghana da maƙwabtanta masu Faransanci tun ba a haifi WAHO ba.

Abin da ya yanke shi ne hanyar da labari ke bi kai tsaye daga gunduma zuwa gunduma. Sanarwar da ta tashi daga Damagaram zuwa Yamai, zuwa ofishin Brazzaville, ta dawo Abuja, ta sauka Dutse, ta isa Maigatari, tana iya cinye mako huɗun nan da ake da su. An kuma ga yadda siyasa ke taɓa lafiya a lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar har zuwa farkon 2024, a ƙasar da magungunanta ke shigowa ta tashar Kwatano, allurarta kuma ke buƙatar firji.

A ganina mafita ba sai an jira sulhun siyasa ba, domin WAHO ta riga ta yi aiki da waɗanda ba mambobinta ba. Shirin SWEDD na lafiyar mata da 'yan mata a Sahel, da aka fara a 2015, ya haɗa da Chadi da Muritaniya, kuma WAHO na cikin masu tafiyar da shi. Yarjejeniyar fasaha irin wannan da ƙasashen AES tana bukatar ta fayyace abubuwa kaɗan a rubuce: musayar alƙaluman mako mako tsakanin gundumomin da ke fuskantar juna ba tare da neman izini kowane karo ba, izinin tsallakar da samfurin gwaji ta kwastan cikin awoyi, kalanda ɗaya ta gangamin allura da maganin damina, da amincewa da sakamakon ɗakunan gwajin juna, musamman CERMES da na NCDC. Wurin da za a fi jan magana shi ne kuɗi. Tun da ƙasashen uku ba sa zuba harajin kashi 0.5, sai a tsayar da ko za su biya kaso na musamman don ayyukan da suka shiga, ko masu ba da tallafi su biya nasu kason kai tsaye, a daidai lokacin da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025 kuma kuɗin agajin lafiya ke raguwa.